Hunturu Da Mahaya Babur: Wace Riga Ce Ta Dace?

Da zarar watan Nuwamba ya raba, iskar arewa maso gabas ta fara kaɗawa, sararin sama ya yi fari fat da hazo, to, kasuwar masu sayar da rigunan sanyi ta buɗe ke nan. A Ƙofar Wambai ta Kano, da Taminus ta Jos, har ma da Katangowa ta Legas, akan ga mutane sun yi cincirindo a gaban dilolin gwanjo, kowa yana ɗaga wannan yana ajiye waccan. Daga cikin manyan masu cinikin kuwa akwai mahaya babur, watau 'yan acaba, da malaman makaranta, da ma'aikatan gona, da masu kai madara ko burodi gari-gari tun kafin fitowar rana.

Gaskiya ne an hana sana'ar acaba a tsakiyar Abuja tun 2006, an hana ta a cikin birnin Kano a watan Janairu na 2013, Jihar Legas ma ta ƙuntata mata a 2020 da 2022. Amma duk da haka babur bai kau ba. Shi ne jakin ƙauye, shi ne motar ƙaramin ma'aikaci, kamar yadda yake tun zamanin kuɗin Udoji na 1975, lokacin da Honda da Suzuki da Vespa suka cika titunan ƙasar nan.

Abin da yawancin masu saye ke dubawa guda ɗaya ne, watau kauri. In riga ta yi kumburi kamar katifa sai a ce ta yi. Sai dai fa sanyin ƙasarmu na 'yan sa'o'i ne, ita kuwa kwalta tana nan shimfiɗe dare da rana, shekara ta zagayo. Rigar da ta yi wa mutum daɗi da ƙarfe shida na safe, amma ta tilasta masa tuɓe ta da ƙarfe goma, ta bar shi da 'yar shara a kan titi a sauran wunin, lalle ba ta gama aikinta ba. Wannan shi ne abin da ya kamata mai babur ya riƙe a ransa kafin ya sa hannu a aljihu.

SANYINMU DABAN YAKE

Hunturu yakan kama daga ƙarshen Nuwamba har zuwa tsakiyar Maris. Iskarsa tana tasowa ne daga Hamada, ƙurar da take ɗauko wa kuwa mafi yawanta daga kwarin Bodele take, a arewacin ƙasar Cadi, inda a zamanin da can ruwan babban tafki ya kwanta ya bushe. Iska ce busasshiya ƙwarai, shi ya sa take fasa leɓe, ta sa kaushi da faso, ta bushe wanki cikin ɗan lokaci.

A Kano, a watan Janairu, ma'aunin zafi yakan sauka zuwa wajen digiri 13 a ma'aunin Salshiyas da asuba, amma kafin azahar ya hau kusan digiri 30. A Jos, wadda take bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, daren Disamba da Janairu yakan fi haka sanyi, wani lokaci ma har ƙasa da digiri 10. Haka abin yake a Gembu da sauran garuruwan tsaunin Mambila. Can kudu kuwa, a Legas ko Fatakwal, hunturu ɗan leƙe yake yi ya koma.

Watau ke nan a wuni ɗaya mahayin babur na arewa yakan ratsa yanayi biyu, tazarar da ke tsakaninsu ta kai digiri 15 ko fiye. Su kuwa manyan rigunan da ke zuwa cikin dila, yawancinsu an ɗinka su ne domin mutanen Turai da Amurka da Koriya, inda ƙanƙara ke zuba, sanyi ya wuni ya kwana bai saki ba. An cusa musu auduga ko gashin tsuntsu domin mai tafiya a ƙasa. Ba a yi su domin wanda zai keta iska da gudu ba, balle wanda zai faɗi a kan kwalta. In rana ta take sai su zama tanda, gumi ya jiƙa mutum sharkaf, ƙishirwa da kasala su kama shi, dole ya tuɓe ya ɗaure a bayan babur. In kuwa bai tuɓe ba, ya yi yamma da jiƙaƙƙiyar riga a ciki, to, sanyin magariba zai fi na asuba shigarsa.

ISKA CE ABOKIYAR GABA

Mai tsaye a ƙofar gida da mai tafe bisa babur ba sanyi ɗaya suke ji ba, ko da kuwa a unguwa ɗaya suke. Jikin mutum yakan ɗumama 'yar iskar da ke kewaye da fatarsa, ta zame masa kamar bargo marar ganuwa. In iska ta buso sai ta share wannan bargo, jiki ya sake ɗumama wata, ita ma a share. Bisa ga lissafin da hukumomin yanayi na Amurka da Kanada suka amince da shi a 2001, in sanyi yana digiri 10, mutum kuma yana gudun kilomita 60 a sa'a, to, fatarsa za ta ji kamar digiri 5 ne. Wanda ya taɓa bin hanyar Jos zuwa Bukuru da asuba ba ya bukatar a fassara masa wannan lissafi, jiki magayi.

Illar ba ta tsaya ga mura da tari ba. In ƙirji ya yi sanyi, jiki yakan janye jini daga hannuwa da ƙafafu domin ya tsare ɗumin zuciya da huhu. Yatsu su ƙage, su yi nauyi. Alhali kuwa da waɗannan yatsun ne ake matsa birki, ake kama kuloci, ake murɗa totur. Mahayin da ke rawar ɗari, ya noƙe wuya cikin kafaɗa, ba ya iya waiwayawa da kyau, hankalinsa kuma yana wajen ya isa wurin mai shayi, ba wajen akuyar da za ta gifta ba. Sabo da haka tsare ƙirji daga iska wani ɓangare ne na iya tuƙi.

Ga dabarar da ta fi dacewa da irin sanyinmu. Maimakon riga ɗaya mai kauri, sai a jera uku marasa nauyi. Ta ciki ta zama mai saurin bushewa, domin auduga tsantsa tana riƙe gumi. Ta tsakiya ta zama suwaita ta ulu ko makamanciyarta, ita ce mai riƙe ɗumi. Ta waje kuma aikinta ta tare iska, ta kuma tsare fata. Hantsi na yi sai a cire ta tsakiya a naɗe, a bar ta waje a jiki. Tsofaffin mahaya sun daɗe da gane wannan, shi ya sa akan ga wani ya cusa tsohuwar jarida ko kwali a ƙirji kafin ya ja zif. Masu tseren keke na Faransa ma haka suke yi in za su gangaro daga kan tsauni. Takarda ba ta da kauri, amma iska ba ta ratsa ta, kuma nan ne asirin yake.

ABIN DA MASU ƊINKIN DA SUKA GANE

Rigar babur ba yau aka fara tunaninta ba. A shekarar 1928 wani maɗinki a birnin New York mai suna Irving Schott ya fito da rigar fata da ya kira Perfecto, wadda aka riƙa sayarwa dala 5 da rabi a shagon wani dillalin babura. A Ingila kuma kamfanin Barbour ya fito da tasa tufar mahaya a 1936, ta auduga mai ƙarfi da aka shafe da kaki domin ta tare ruwa da iska. Daga baya 'yan fim da mawaƙa suka mai da rigar fata kayan ado, musamman bayan da Marlon Brando ya sa ta a wani fim na 1953, har mutane suka manta cewa asalinta kayan aiki ce.

Wanda ya duba ƙirar irin waɗannan riguna zai ga kowane ɗinki da dalilinsa. An karkata zif ɗin gaba, ɓangare ɗaya ya hau kan ɗaya, domin ƙirji ya sami rufi biyu, iska kuma ta rasa hanyar shiga. An sa zif a bakin hannu domin a tsuke shi, kada iska ta bi ta nan ta hura rigar kamar balan-balan. An sa maɓalli a kwala domin kada ta riƙa marin mutum a fuska. An yi ɗamara a ƙugu domin kada rigar ta tattare ta hau baya. Waɗannan su ne ƙofofi huɗu da sanyi ke shiga, watau gaba, da hannu, da wuya, da ƙugu. Riga marar kauri wadda ta rufe su duka ta fi mai kauri wadda ta bar su a buɗe.

Na zamanin nan sun ƙara abu biyu masu amfani ga ƙasa irin tamu. Na farko shi ne shafin ciki da ake zare shi da zif in rana ta yi. Na biyu kuma 'yan tagogi ne masu zif a ƙirji, da hammata, da baya, waɗanda ake buɗewa iska ta ratsa. Rigar da ke da waɗannan biyu za ta yi wa mutum hunturu, ta kuma bi shi har cikin bazara.

RANAR DA TSAUTSAYI YA GIFTA

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa a kan hanyoyin duniya kowace shekara, fiye da rabinsu kuwa masu tafiya a ƙasa ne, da masu keke, da masu babur. Wanda ya ziyarci asibitin ƙashi na Dala a Kano, ko na Igbobi a Legas, zai ga rabon da babur ke kaiwa. Mai mota yana da ƙarfe a kewaye da shi. Shi kuwa mai babur, abin da ke jikinsa shi ne kaɗai tsakaninsa da ƙasa.

In mutum ya faɗi yana cikin gudu, abu biyu ke samunsa. Da farko ya bugu, yawanci a kafaɗa, ko gwiwar hannu, ko tafin hannu. Sa'an nan kwalta ta ja shi tana kankare shi kamar magogi. Yadin shadda ko na kaftani cikin ƙiftawar ido yake yagewa. Siraran rigunan sanyi masu sheƙi kuwa sun fi muni, domin zafin gurzuwa yana iya narkar da su, su manne a cikin rauni. Irin wannan ƙujewa, wadda mutane ke rainawa suna cewa ai ba karaya ba ce, takan cika da tsakuwa da ƙasa, ta yi ruwa, ta hana mutum aiki makonni, wani lokaci ma sai an yi dashen fata. Ga wanda ke kai balas kullum ga mai babur, ga kuma bakuna a gida suna jira, mako uku a kwance ba ƙaramin al'amari ba ne.

An yi bincike a kan wannan. A ƙasar Ostireliya, wata masaniya mai suna Liz de Rome da abokan aikinta sun bi diddigin mahaya 212 da suka yi haɗari, suka buga sakamakon a 2011. Sun gano cewa waɗanda ke sanye da rigar babur ta ainihi, yiwuwar a kwantar da su a asibiti ta ragu da kimanin kashi ɗaya cikin biyar, masu safar hannu ta babur kuwa ta ragu da fiye da rabi. Amma binciken ya nuna wasu abubuwa biyu da ya kamata a faɗa. Ba a ga shaidar cewa rigar tana hana karaya ba. Kuma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kayan sun yage a lokacin haɗarin. Ashe ke nan riga ba laya ba ce, kuma ba kowace mai sunan rigar babur ce ta ƙwarai ba.

Abin da ya fi jure wa kwalta shi ne fatar saniya mai kaurin milimita 1.2 zuwa 1.4. Sai dai tana da nauyi, tana kuma da zafi da rana. Bayanta akwai yadin nailan mai kaurin saƙa irin wanda ake kira Cordura, da zaren Kevlar wanda wata masaniyar kimiyya, Stephanie Kwolek, ta gano a 1965, wanda akan ƙara a wuraren da suka fi gurzuwa. Ga yanayin arewacin Nijeriya, rigar yadi mai ƙarfi, mai tagogi da shafin cirewa, ta fi sauƙin zama a jiki tun safe har dare. Mutumin Jos ko Gembu, inda rana ba ta cika zafi ba, zai iya jure wa ta fata.

ALAMOMIN DA KE CIKIN RIGA

Tun da yawancin rigunan nan daga Turai suke fitowa, yana da kyau mai saye ya san ma'anar rubutun da ke manne a cikinsu. Tun daga 2018 dokar Tarayyar Turai ta wajabta a gwada kayan kariyar mahaya kafin a sayar da su. A 2020 aka fito da ma'auni mai lamba EN 17092, wanda ya kasa riguna aji-aji. Mai AAA ita ce mafi ƙarfi, ta masu gudu a manyan hanyoyi. Sai AA, sai kuma A wadda ta fi sauƙi, ta zirga-zirgar cikin gari. Mai B tana jure gurzuwa amma ba ta da matasan kariya, mai C kuwa matasan kawai take riƙewa, ba ta jure kwalta. Akan ga ɗan hoton mutum bisa babur a jikin takardar, da harafin ajin a gefensa. Ga mai yawo a gari da ƙauyukan kewaye, A ko AA ta wadatar.

Matasan kariyar su ne 'yan faifan roba da ake zura wa cikin aljihuna a kafaɗa, da gwiwar hannu, da gadon baya. Na kafaɗa da gwiwar hannu suna ɗauke da lamba EN 1621-1, na baya kuma EN 1621-2. Yadda ake gwada su shi ne a sako ƙarfe mai nauyin kilo 5 daga tsayin kimanin mita 1, a auna ƙarfin bugun da ya ratsa. Mataki biyu ne, mai lamba 2 ya fi mai lamba 1 shanye bugu.

A nan akwai abin lura. Sau da yawa abin da ke cikin aljihun baya soso ne kawai, an sa shi domin rigar ta tsaya da kyau a shago. A gwanjo kuma sau da yawa matasan sun zube tun a hanya, ko sun tsufa sun bushe har suna farfashewa. Alamar CE da ke jikin matashi shi kaɗai take yi wa shaida, ba rigar duka ba. Masu jabu ma sun iya buga tambari. Sabo da haka takarda taimako ce, amma ido da hannu su ne alƙalai.

A GAN KA KAFIN A ISO KA

Hunturu ba sanyi kaɗai yake kawowa ba. Ranar da hazo ya sauka sosai, nisan da ido ke gani yakan gaza kilomita 1, har a dakatar da saukar jiragen sama a Kano da Kaduna da Maiduguri. In matuƙin jirgi da na'urorinsa ya haƙura, ina ga direban tirela mai gilashi ya yi buɗu-buɗu da ƙura? Ga kuma hayaƙin ƙonar daji da ke rufe hanya a wannan lokaci na shekara.

Wani bincike da Farfesa Harry Hurt ya jagoranta a birnin Los Angeles, wanda aka buga a 1981, ya duba haɗarin babur 900. Kusan kashi uku cikin huɗu karo ne da wata mota, a kashi biyu cikin uku na waɗannan kuwa mai motar ne ya shiga hanyar mai babur, galibi domin bai gan shi ba. A ƙasar New Zealand kuma, binciken da aka buga a 2004 ya nuna masu sanya tufa mai haske ko mai ƙyalli, haɗarin jin rauninsu ya gaza na sauran da kashi 37 cikin 100.

Abin takaici, baƙar riga da mai ruwan ƙasa su suka fi farin jini wajen masu saye, domin ba sa nuna dauɗa. Amma mai riga ruwan ƙasa a cikin hazo ya zama ɗaya da hanya. Wanda ya riga ya sayi baƙa ba sai ya yar ba. Sai ya ɗora 'yar falmaran mai ruwan ɗorawa ko ruwan lemo irin ta ma'aikatan hanya, ko ya kai wa tela ya ɗinka masa ƙyallen nan mai walƙiya a baya da damatsa, wanda ke mai da hasken fitilar mota. Kuɗinsa kaɗan ne in aka gwada da abin da yake tsarewa.

A GABAN DILA

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Mai saye ya je kasuwa sanye da suwaitar da zai riƙa sawa a ciki, domin a auna tare da ita. Ya fara kafa baki a jikin yadin ya hura da ƙarfi, ya tara hannu ta ɗaya gefen. In ya ji iska ta fito, to, ta hanya ma za ta shiga. Ya juya rigar ciki waje ya duba ɗinkin kafaɗa da na hannu, ya ja da ƙarfi. Ɗinki layi ɗaya shi ke fara ɓarkewa in an faɗi, wanda ake so shi ne mai layi biyu ko uku, ɗaya a ɓoye ta ciki. Ya lura ko akwai alamar gurzuwa ko faci a kafaɗa, domin rigar da ta taɓa ceton wani ta riga ta ba da abin da take da shi.

Sa'an nan ya sa ta, ya ja zif har wuya, ya zauna a benci ya miƙa hannuwa gaba kamar yana riƙe da kan babur. A tsaye kowace riga daidai take, a zaune ne gaskiya ke fitowa. Hannun riga ya kai wuyan hannu, bayanta ya rufe ƙugu, kwala kada ta shaƙe shi, ya kuma iya waiwayawa dama da hagu. Matashin gwiwar hannu ya zauna daidai kan gwiwar, in aka murɗa shi kada ya zagaye. Riga ɓurmeme ba ta da amfani, domin ranar faɗuwa za ta tattare, matasan su goce daga inda ake bukatarsu.

Game da fata kuwa a yi hattara. Da yawa daga abin da ake kira rigar fata roba ce aka shafa a kan yadi. A duba bakin yanka ko cikin aljihu. Fatar gaske bayanta yana da gashi-gashi kamar ƙirgi, tana kuma da ƙanshinta, ta jabu kuwa saƙar zare za a gani. Ta jabu ba ta cika hunturu biyu ba take fara saɓulewa. Akwai kuma fatar gaske mai laushi irin ta ado, ita ma ba ta hanya ba ce. Araha ba ta ado, in ji masu magana.

Bayan saye sai kulawa. Ƙura tana cin zif, a riƙa goge shi ana goga masa kyandir. Bushewar iska tana fasa fata, a nemi irin man da dukawa ke shafawa a riƙa ba ta jefi-jefi. Mai rigar nailan kuma ya yi nesa da wutar jin ɗumi da ake hurawa a tashoshi da asuba, ya kuma kiyayi salansa, domin tartsatsi ɗaya ya isa ya huda ta.

WANDA AKA GOYA

Mai tuƙi ba shi kaɗai ke bisa babur ba. Yaran da ake kai wa makaranta da sassafe, musamman wanda aka ɗora a gaba kan tanki, shi ke karɓar iskar duka, jikin yaro kuwa ya fi na babba saurin rasa ɗumi. Haka kuma a lokacin sanyi ne mutane suka fi yafa bargo, da babbar riga, da dogon mayafi. Duk abin da ke lilo yana iya faɗawa cikin sarƙa ko wayoyin ƙafar baya, ya fizgo mai shi ƙasa ta wuya. Wajibi ne mai tuƙi ya waiwaya ya tabbatar an tattare komai an zauna a kai kafin ya sa giya. Shi ma rawanin da yake naɗawa domin ƙura, ya cusa jelarsa cikin riga.

Riga kuma ba ta maye gurbin hular kwano. Lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa hular a ranar 1 ga Janairu, 2009, an ga wasu sun kifa ƙwarya da robar fenti a ka domin su tsere wa tara, har labarin ya zagaya duniya. An yi dariya a lokacin, amma ƙididdigar likitoci ta nuna hular ƙwarai tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 40 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 70. Hular sanyi ta ulu kunne kawai take tsarewa. In kuɗi ba su isa a sayi komai a tashi ɗaya ba, a fara da hula, sai safar hannu ta fata, sa'an nan riga.

INA DUKAWANMU?

Akwai abin mamaki a cikin wannan al'amari. Fatar jar akuyar Sakkwato ita ce fatake suka riƙa ƙetara Hamada da ita shekaru aru-aru, har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko. Har yanzu masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa a Kano suna aika fata zuwa Italiya da Sifen. A Samaru ta Zariya akwai cibiyar gwamnatin tarayya sukutum ta nazarin fasahar fata. Amma ɗan acaban da ke wucewa ta ƙofar waɗannan wurare, kwancen wani Bature yake sanye da shi, wanda aka ɗinka domin wani sanyi daban. Fatar shanun da za a jeme kuwa, da yawanta a tukunya take ƙarewa da sunan ganda.

Ba abu ne mai wuya ba baduku da tela su haɗa hannu su fito da rigar da ta dace da mu, ta yadi mai ƙarfi, da ƙirgi a kafaɗa da gwiwar hannu, da tagogin iska, da shafin cirewa, da launi mai haske. Ƙungiyoyin 'yan acaba, waɗanda tuni suke ɗinka wa mambobinsu falmaran mai lamba, suna iya yin odar irin wannan da yawa domin farashi ya sauko, a riƙa biya kaɗan-kaɗan kamar adashi.

Kafin a kai ga haka, wanda zai shiga kasuwa a bana ya yi wa kowace riga tambaya uku. Shin za ta tare iskar asuba? Shin zai iya barinta a jiki da tsakar rana? In kuma ƙaddara ta kai shi ƙasa, ita za ta goge ko fatarsa? Wadda ta amsa ukun nan ita ce ta cancanci kuɗinsa, ko da ta fi maƙwabciyarta tsada, ko da kuma ba ta kai ta kumburi ba. Allah Ya kiyaye hanya, amin.